Ko Ranar da Ba a Yi Ruwa Ba, An Rubuta

Duk ƙarshen shekara, bankuna da kamfanoni da ma'aikatu sukan raba wa ma'aikata da abokan hulɗa dayari mai kaurin bango, an buga sunan kamfani da ruwan zinari a gaba. Makomar yawancin waɗannan littattafai sananniya ce. Shafukan Janairu sukan cika maƙil da jerin ayyuka da lokutan taro da alwashin sabuwar shekara. A Fabrairu rubutu ya fara tsallake kwanaki. Kafin damina ta faɗi littafin ya koma can ƙasan aljihun tebur, ba a ɗauko shi sai in za a yagi takarda a rubuta wa wani lambar waya. Mai littafin kuma ya yanke wa kansa hukunci cewa shi malalaci ne, ko ya ce irin wannan tsari dama na Bature ne, bai karɓi Bahaushe ba.

Hukuncin nan biyu duk suna da gyara, kuma shaidar tana ajiye a Kaduna, arewa da kogi. A titin Yakubu Gowon akwai reshen Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa, hukumar da masanin tarihi Kenneth Dike ya assasa a Ibadan a 1954. A titin Rabah kuma akwai Gidan Arewa, inda gidan Firimiya Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, yake a da, wanda aka mayar cibiyar adana tarihi a 1970 a ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith. Tsakanin gine-ginen biyu akwai dubban fayiloli da rajistoci da rahotanni da aka yi shekaru ana cikawa. Waɗanda suka cika su mutane ne kamar kowa: akawun da ya gaji da zaman ofis, malamin alƙali da ya wuni yana sauraron rigimar gado, Baturen da zazzaɓi ya kwantar a masaukin rangadi. Babu dalilin zaton cewa sun fi mutanen yau karsashi. Abin tambaya shi ne yadda littattafansu suka ɗore a ranakun da zuciya ba ta son aiki.

Garin da aka gina don takarda

Kaduna ba ta da tsohuwar ganuwa ko daɗaɗɗiyar fada irin ta Kano ko Zazzau. Frederick Lugard ne ya zaɓi wurin bayan ya dawo Nijeriya a 1912, saboda nan layin dogo ya ƙetare kogi, ga ruwa ga fili. Sojoji suka fara tarewa a 1913, a 1917 kuma aka ɗauko hedikwatar Lardunan Arewa daga Zungeru aka kawo ta nan. Tun daga lokacin babbar sana'ar garin ita ce karɓar takarda da aika takarda. Razdan na Sakkwato da na Kano da na Barno da na Yola, kowa ya aiko da rahotonsa ofishin Sakataren Lardunan Arewa, a karanta, a yi sharhi a gefe, a mayar da amsa, a ɗaure sauran cikin fayil. Shi ya sa har yau mai bincike a ma'ajiyar yakan nemi takarda da sunaye irin su SNP da Kanoprof da Zarprof da Sokprof, wato kundayen sakatariya da na ofisoshin larduna.

Rauni ne ya haifi wannan tarin takarda. Turawan mulki kaɗan ne ƙwarai in aka auna su da faɗin ƙasa da yawan jama'a, ga cututtuka suna ɗibar su. Jami'i yakan yi shekara guda a bakin aiki, daga baya aka mai da wa'adin wata 18, sai ya tafi hutu Ingila, in ya dawo kuma sau da yawa wani lardin za a tura shi. Di'o ya gama sanin hakimai da dagatai, ya gane wanda ke ɓoye shanu lokacin jangali, sai ya tafi da saninsa a ka, sabo ya zo ya fara daga farko.

Lugard ya san wannan. A littafinsa na 1922 kan mulkin Afirka ya kafa tafiyar da mulki a kan ginshiƙai biyu: sakar wa na ƙasa iko, da ɗorewar aiki ko da an sauya ma'aikaci. Umarninsa ga jami'an mulki, wanda aka fara bugawa a 1906 aka sake fitar da shi da gyara a 1919, ya ƙunshi babi 13. Babi na biyu gaba ɗayansa a kan littattafan ofis ne da rahotannin da za a riƙa aikawa. Ya zo kafin babin shari'a, kafin na haraji, kafin na amfani da ƙarfin soja.

Daga wannan tunani littattafan suka fito. Akwai na rangadi, inda jami'i ke rubuta garin da ya kwana da wanda ya gani da ƙarar da aka kawo masa. Akwai littafin gunduma, mai ɗauke da salsalar hakimai da sunayen ƙauyuka da yawan masu biyan haraji da kasuwanni. Akwai takardar miƙa aiki, wadda mai tafiya ke bar wa mai zuwa. Sannan ga rahoton wata uku-uku da na rabin shekara da na shekara. Duk wanda ya duba yadda aka tsara su zai ga cewa ba a gina su bisa zaton marubucin zai tashi kullum da himma ba. An ɗauka tun farko cewa zai gaji, zai yi ciwo, zai tafi. Saboda haka aka rage masa tunani: maɗaba'ar gwamnati ta buga fom da layuka da gidaje, kowane gida da abin da ake sa masa. Aka sa ranar da takarda za ta isa. Aka kuma sa wanda zai karanta, wanda in bai gani ba zai aiko ya tambaya.

Ba don son ilimi aka yi wannan duka ba. Littattafan kayan aikin mallaka ne. Da su aka ƙidaya kawunan talakawa don haraji da shanun Fulani don jangali, da su aka gane hakimin da za a tuɓe da wanda za a naɗa. Amma makamin da aka ci mutum da shi ya cancanci ya duba yadda aka ƙera shi.

Malaman En'e da alƙalumansu

Ba Turawa kaɗai suka riƙe littattafan ba, kuma ba su ne suka fi yawan rubutun ba. Baitulmali irin na zamani ya fara a Katsina zamanin Razdan Palmer da Sarki Muhammadu Dikko, zuwa 1911 kuma an shimfiɗa shi a masarautu da dama. Daga nan ma'aji da malamansa suka shiga rubuta kowane sule da ya shigo da wanda ya fita, ana rufe lissafi ƙarshen wata, mai binciken kuɗi yana tafe. Kotunan alƙalai su ma aka ɗora musu rubuta shari'o'in da suka yanke, ana kai littafin a duba.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan kundaye ya shahara a wurin masana: na majalisar shari'ar Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919. Allan Christelow ya fassara wani sashe na shekarun 1913 da 1914 ya buga a 1994. Da Larabci malaman fada suka rubuta shi, kuma shigarwar gajeru ce: wane ya yi ƙarar wane, ga abin da ya ce, ga abin da Sarki ya hukunta. Ba ado, ba dogon sharhi. Malamin da ya rubuta ba zai taɓa kawowa a ransa cewa bayan shekara tamanin wani zai zauna a Amurka yana nazarin rigimar gona da ta gida da ta bayi daga layukansa ba. Shi dai an yanke hukunci, ya rubuta, an kira ƙara ta gaba.

Gajartar nan ita ce asirin ɗorewar. Da an ce kowace shari'a sai an cika mata shafi uku, da littafin bai kai ƙarshen wata ba. Abin da ake iya gamawa kafin a kira sallar Azahar shi ake iya maimaitawa gobe da jibi.

Amfanin sifiri

Cikin duk abin da aka riƙa rubutawa a Arewa a wancan zamani, babu mai gundura kamar awon ruwan sama. Ma'aunin ba wani abin a zo a gani ba ne: mazurari a kan kwalba, an kafa a fili. Kowace safiya a sa'a guda mutum ya je ya duba, ya juye abin da ya taru a gilashin awo, ya rubuta inci nawa ne. A Kano an fara wannan a 1905. A Samaru ta Zariya, inda aka buɗe tashar binciken noma a 1922, aka ɗora. Jimillar wata-wata kuma tana shiga rahoton lardi ta zo Kaduna.

Wanda ya san yanayin ƙasar Hausa ya san abin da wannan aiki ke nufi. Daga Nuwamba zuwa Maris kusan ko ɗigo ba ya sauka. Wata biyar mutum yana zuwa wurin kwalbar da ya san babu komai a ciki. Amma a ƙa'idar masu awon yanayi, ranar da ba a yi ruwa ba sai an nuna ta da alama, domin sifiri daban yake da gurbin da aka bari. Sifiri yana cewa an zo, an duba, babu. Gurbi ba ya cewa komai: ko ba a yi ruwa ba, ko an yi mai awon yana kwance, ko ya manta. Masu tattara tsofaffin bayanan yanayi a duniya har yau suna fama da wannan bambanci.

Ribar ta fito bayan tsawon lokaci. Lokacin da fari ya afka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970, aka shiga tambaya ko wannan sabon abu ne ko an taɓa yi. Tsofaffi suna tuna Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, amma tunawa ba ta da ma'auni. Jerin alƙaluman Kano ne ya ba da damar a jera 1913 da 1973 a ga cewa dukansu suna cikin shekarun da ruwa ya fi ƙaranci tun da aka fara awo. Michael Watts, wanda littafinsa na 1983 kan yunwa a Arewacin Nijeriya ya zama abin dogaro, ya haɗa irin waɗannan alƙaluma da rahotannin larduna na ma'ajiyar Kaduna da bakin manoman ƙasar Katsina. Babu safiya guda cikin dubban safiyoyin nan da ke da muhimmanci a karan kanta. Darajar tana cikin jerin. Hausawa sun daɗe da cewa yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

Kafin Bature ya zo da fom

Wanda ya ce wannan horo baƙo ne, ya manta da allon da ya riƙe yana yaro. Makarantar allo tana da tsarin aikin yau da kullum da ya girmi Kaduna da ɗaruruwan shekaru. An raba Alƙur'ani izu sittin, kowane izu sumuni takwas, ya zama sumuni 480. Almajiri ba ya fuskantar littafin gaba ɗaya. Abin da ke gabansa shi ne abin da allo ya ɗauka: ya rubuta, ya biya wa malam, in ya zauna ya wanke, a ƙara masa. Lokacin karatu sananne ne, da asuba da hantsi da yamma da dare a gefen wuta. Akwai mai saurare, wato malam ko gardi. Akwai kuma hutu a cikin tsarin kansa, Alhamis da Juma'a. Da wannan tafiyar hawainiya ake samun alaramman da zai zauna ya rubuta Alƙur'ani da ka, warƙa bayan warƙa.

Haka wuridin 'yan ɗariƙa. A Tijjaniyya, alal misali, lazimi adadinsa ƙayyadadde ne, ɗari-ɗari sau uku, safe da yamma, an jingina shi da lokutan salla waɗanda dama ba sa motsi. Akwai kuma hukuncin wanda ya kuɓuce masa: ya rama, ya ci gaba. Ba a ce wanda ya rasa rana guda ya fita daga sahu ba. Ibada ba aikin ofis ba ce, kuma niyyarsu ba ɗaya ba ce. Sai dai malaman da suka tsara waɗannan abubuwa sun san halin zuciyar ɗan Adam, cewa tana hawa tana sauka, suka yi tanadi don ranar saukarta. Tushen kuwa sananne ne: hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, wanda ya fifita ƙaramin aiki mai ɗorewa a kan babba mai yankewa.

Ko dayarin kansa yana da tsohon asali a duniyar Musulmi. Wani malamin Hambaliyya na Bagadaza, Ibn al-Banna, ya bar rubutun hannunsa na abubuwan da suka faru a 1068 da 1069, wanda George Makdisi ya buga a tsakiyar shekarun 1950. Yakan buɗe kowane wata da ranar da watan ya tsaya, sannan ya jero rasuwa da labarin gari da abin da ya gani ko ya ji. A nan ƙasar Hausa ma malamai sun saba rubuta ranar haihuwa da ta rasuwa a farar warƙar ƙarshen littafi. Abin da Bature ya kawo shi ne fom da wa'adi da mai bincike. Haƙurin maimaita ƙaramin aiki kullum ya tarar da shi a nan.

Littafin Hamman Yaji

Dayarin da ya fi kowane shahara daga Arewacin Nijeriya na wancan zamani ba mai daɗin karantawa ba ne. Hamman Yaji hakimin Madagali ne, a gindin duwatsun Mandara, cikin Jihar Adamawa ta yanzu. Ya yi mulki a ƙarƙashin Jamusawa, sannan Faransawa, sannan Ingilishi. Daga 1912 zuwa 1927 yakan faɗa, magatakardansa ya rubuta da Larabci. Shigarwar layi ɗaya ce ko biyu: ya tura mayaƙa gari kaza, sun kamo bayi kaza da shanu kaza, ya sayi doki, Bature ya zo ya tafi. Da Ingilishi suka tuɓe shi a 1927 littafin ya faɗa hannunsu, aka fassara shi, a 1995 kuma James Vaughan da Anthony Kirk-Greene suka buga shi.

Abu biyu ke cikin wannan littafi. Na farko, ba kullum ake rubutu ba. Akan yi kwanaki, wani lokaci makonni, ba a sa komai ba, sai a dawo a ɗora daga inda ake, ba tare da neman cike abin da ya wuce ba. Da haka ya kai shekara 15. Na biyu, riƙon littafi ba shi ne kirki ba. Mutumin ya rubuta kamun 'yan Adam da irin sanyin da ya rubuta cinikin doki. Littafi madubi ne kawai, abin da aka tsaya da shi a gabansa shi yake nunawa. Amma saboda an rubuta, jikokin mutanen duwatsun da aka kai wa hari suna da shaida daga bakin maharin kansa, da rana da wata da adadi.

Inda himma kaɗai ta kasa

Akwai misalin da ya zo ta ɗaya gefen. Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Amurka, ya ba da labarin wani ɗan littafi da ya zana wa kansa: halaye 13 da yake son ya mallaka, kowane mako ya sa ido a kan guda, kowane dare ya ɗiga baƙin tabo a inda ya yi kuskure. Da farko yana zagaye jerin sau huɗu a shekara. Daga baya ya koma sau ɗaya a shekara, sannan sau ɗaya cikin shekaru, har tafiye-tafiye da hidimomi suka sa ya daina, ko da yake bai bar yawo da littafin ba. Mutum ne mai himma ta gaske, amma littafinsa babba ne a buri, aikinsa kama laifin mai shi, kuma ba wanda ke jiran ya karanta. Mai awon ruwa na Kano bai kai shi ilimi ba, jerinsa kuwa ya wuce shekara ɗari.

Dayarin da ake rabawa a ƙarshen shekara shi ma yana da nasa tarihin. John Letts, mai sayar da kayan rubutu a Landan, ya fara buga littafi mai kwanan wata a kowane shafi a 1812, don 'yan kasuwar da ke bin zuwan jiragen ruwa da ranakun biyan bashi. Ga irin wannan mutum kowace rana tana da abin shigarwa. Ga wanda ya tsallake mako biyu kuwa, fararen shafuka 14 masu kwanan wata sukan zama kamar masu bin sa bashi, kunya ta hana shi buɗe littafin, mako biyu ya zama wata biyu.

Binciken zamani ya zo ya tarar da abin da malamin allo ya sani. Phillippa Lally da abokan aikinta a wata jami'a a Landan sun bi mutum 96 da ke ƙoƙarin sabawa da wani ƙaramin aiki na kullum, suka buga sakamakon a 2010. Tsawon lokacin da aiki ke ɗauka kafin ya zama jiki ya bambanta ƙwarai, daga kwana 18 zuwa 254, matsakaicinsa 66. Sun kuma ga cewa tsallake rana guda ba ya rushe sabon da ake ginawa. Ke nan wanda ya ajiye dayarinsa a tsakiyar Fabrairu ya ajiye shi ne tun sabo bai kama ba, kuma saboda giɓin da ba shi da wata illa.

Abin da ya rage ga mai alƙalami a yau

In aka tattara abin da littattafan nan suka yi tarayya a kai, bai da yawa. Abin rubutawa kaɗan ne, wanda mai ciwon kai ma zai iya. Lokacinsa a jingine yake da wani abu da ba ya sauyawa, ko sa'ar safe, ko tashin kotu, ko salla. Akwai wanda zai duba. Ranar da ba komai tana da alamarta. Wanda ya yanke kuma yana da hanyar dawowa.

Duk waɗannan suna hannun likita a asibitin Barau Dikko, da lauya, da malamar makaranta a Unguwar Rimi, da ma'aikacin sakatariya a titin Independence. Layi uku sun isa: abin da aka yi yau, abin da ya rage, abin da za a fara da shi gobe. A ɗaura su da abin da dama ake yi, bayan sallar Asuba ko kafin a kulle ofis. Ranar da ba a taɓuka komai ba a sa kwanan wata a ja layi, domin wannan ma labari ne, kuma in irin layukan suka taru a wata guda sukan nuna wa mutum abin da bai lura da shi ba game da lafiyarsa ko nauyin da ya ɗora wa kansa. In an yi mako biyu ba a buɗe ba, a buɗe a shafin yau. Wanda fararen shafuka ke damu, littafin rubutu na ɗalibai mara kwanan wata ya fi masa dayarin banki. Mai dubawa kuma ba sai Razdan ba: abokin aiki da za a zauna da shi minti goma duk ranar Alhamis ya wadatar. 'Yan kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ba su taɓa jiran shauƙi kafin su buɗe littafin bashi ba, don sun san akwai ranar da za a zo a yi lissafi. Takarda kuma ba ta jiran a kawo wuta.

Akwai dalilin da ya wuce tsara aikin mako. Duk wanda ya zauna a ɗakin karatu na ma'ajiyar Kaduna yana neman tarihin garinsu zai tarar cewa muryar da ta fi yawa ita ce ta Di'o. Ba don ya fi kowa sanin ƙasar ba ne. Sau da yawa ta bakin tafinta yake ji, kuma abin da hakimi ya ga dama ake gaya masa. Ya rinjaya ne saboda shi aka wajabta wa rubutu, da lafiya da ciwo. Manomi da maƙeri da ungozoma sun san abin da bai sani ba, amma saninsu ya bi su kabari. Baba ta Karo ta kuɓuta daga wannan ne kawai saboda Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, tana faɗa ana rubutawa, har littafin ya fito a 1954, bayan rasuwarta. Irinta nawa aka yi, ba wanda ya zauna da su?

Zamanin yanzu ma zai zama tarihi, kuma mafi yawan bayanansa suna cikin wayoyin da ake sauyawa duk shekara biyu ko uku, da saƙonnin WhatsApp da ke ɓacewa in waya ta faɗa ruwa. Mai binciken da zai zo nan gaba yana son sanin yadda ma'aikacin Kaduna ya rayu a shekarar da aka cire tallafin mai, nawa ya sayi mudun shinkafa, sau nawa ya je aiki a mako, zai yi murna da littafin da aka riƙe da layi uku-uku, har da ranakun da aka sa kwanan wata kawai aka ja layi.